Allunan gefen layin dogo

Direban mota a Titin Zariya, daidai Gyadi-Gyadi a Kano, da ya taka birki sai ta tsaya. Jirgin ƙasa kuwa sai ya ci ɗaruruwan mita kafin ya tsaya, shi ya sa ake gargaɗin direbansa tun daga nesa.

Layin dogon da ya iso Kano a 1911 ya tsufa. Idan ruwan damina ya zaizaye ƙarƙashinsa, ko ana gyara, sai a taƙaita gudu na ɗan lokaci, a kafa alluna uku a gefen layin. Allon farko gargaɗi ne, na biyu ya nuna gudun da aka yarda, na uku ƙarshen wurin. Nan ake gane gwani: ba ya ƙara wuta sai taragon ƙarshe ya wuce.