Gireba da gato a Gure: zaƙin da ke rufa asirin gida

A Gure, babban garin ƙasar Muniyo, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram bisa babbar hanyar Difa, biki ba ya cika sai an jera kwanonin gara. Alkaki da nakiya da dubulan su ne iyayen tafiya. Kusa da su akwai gireba, wadda ake gasawa maimakon soyawa. Sunanta daga Larabci ya fito, kuma har yau ana yin irinta a Libiya da Tunisiya. A bayanta ne gato na zamani ya shigo, wanda ake yankawa siffa-siffa, a yi masa ado da farin sukari.

Fulawa da sukari duka daga waje suke zuwa. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kuɗin kayan waje ya yi tsalle. Rufe iyakar Najeriya a 2019 da takunkumin 2023 sun sake nuna wa ƴan kasuwa cewa buhun sukari ba shi da tabbas. Uwar amarya kuwa, ko ana tsada ko ana araha, ba ta yarda a ga kwanonta a buɗe. Macen da ta iya wannan aiki ta rage wa maigida nauyi, in kuma ta sayar, ta samu na cefane.

Yadda ake haɗawa

Ana buga bota giram 250 da sukari giram 200 har su yi laushi, a fasa ƙwai ɗaya, sannan a zuba fulawa rabin kilo. Kada a cika murza ƙullun, domin yawan murza yana sa gato tauri. A bar shi ya huta a wuri mai sanyi. A bazara, lokacin da zafin Gure ke wuce digiri 40, bota na narkewa a hannu, siffa ta lalace. Shi ya sa gwanaye ke yin aikin da asuba.

A shimfiɗa ƙullun da kwalba, kaurinsa kamar rabin santimita. Wadda ba ta da abin yanka na kanti, bakin kofin shayi ya isa, ko maƙeri ya lanƙwasa mata gwangwani ya zama tauraro ko jinjirin wata. Mai tanda ta gasa a digiri 180, minti 10 zuwa 12. Marar tanda ta zuba rairayi a gindin babbar tukunya, ta ɗora faranti, ta rufe, ta sa garwashi bisa murfi. Da gefen ya fara ja, a sauke.

Ado da haɗarinsa

A daka sukari a turmi, a tankaɗe da rariya mai laushi, a dama da ruwan lemun tsami kaɗan-kaɗan har ya yi kauri. Wasu na sa ɗanyen farin ƙwai don ya ƙara ƙarfi, amma ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da cutar ciki, musamman ga yara. Ruwan zoɓorodo na ba da launin ja mai kyau. Rinin tufafi guba ne, kada ya kusanci abinci komi kyawonsa. A zuba haɗin cikin leda mai tsabta, a huda kusurwa, a zana bisa gaton da ya huce sarai. Iskar hunturu na busar da shi da sauri, sai dai a rufe saboda ƙura.

Biskitin kamfani ya fi araha, amma ba ya ɗauke da sunan amarya ko na jariri. Mai kanti da ya karɓi gaton maƙwabciyarsa ya sayar, ya bar ribar cikin gari. Ma'aikacin da ke shirin aurar da ƴa kuma, ya tambayi matan unguwa tun kafin watan biki ya kama.