Idan Larura Ta Taso Da Dare: Yadda Kiran Gaggawa Yake Isa Ga Masu Agaji

A tarukan da muke yi da shugabannin unguwanni da shugabannin mata, akwai tambayar da ba ta rasa fitowa: idan naƙuda ta zo wa mace da tsakar dare, ko yaro ya kama jijjiga, ko gobara ta tashi, wa za a kira? Wasu kuma suna ƙorafin cewa sun ruga wajen mai oba-oba hankalinsu a tashe, amma maimakon ya kira mota nan take, sai ya tsaya yana jero musu tambayoyi. Mun ji wannan ƙorafi, kuma ba mu raina shi ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana muku hanyar da kiran yake bi daga ƙofar ɗakinku har zuwa wurin direba da ma'aikacin lafiya, domin rabin aikin a bakinku yake.

Da farko, me ya sa muke dogara da rediyon oba-oba alhali ga wayar salula a kusan kowane gida? Waɗanda suka fito daga Zamfara ba sa buƙatar dogon bayani. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka kuma katse a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, mutane suka yi makonni ba kira ba saƙo. Mutanen Borno da Yobe sun ga irin wannan tun a 2013. Ko ba a katse da gangan ba, wayar salula ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye. Sai muryarka ta je ƙarfen sabis, daga can ta bi hanyoyin kamfani, sannan ta dawo ga wanda kake nema, ko da yana bayan danga. Idan man janareton ƙarfen ya ƙare, ko iskar damina ta yi ɓarna, ko jama'a suka yi wa layin yawa a lokaci guda, shi ke nan, babu sabis, ko rezo kamar yadda ake cewa a nan Nijar. Ita kuwa oba-oba ba ta buƙatar kati, ba ta buƙatar kamfani. Muddin da caji a batirinta, kuma ɗayar tana inda saƙon zai iya kaiwa, za su ji juna.

Amma tana da nata iyakar. Irin ta hannu da kuke gani wurin masu gadi da 'yan sa-kai, wadda ake kira VHF, ƙarfinta bai wuce wat 5 ba, kuma saƙonta a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. Tudu yana tare shi, kwari yana haɗiye shi, ginin siminti da rufin kwano suna rage masa ƙarfi. Tsakanin ta hannu da ta hannu, 'yan kilomitoci kaɗan ne. Saboda haka ake kafa dogon ƙarfe a ɗora eriya a kansa tare da wata na'ura mai karɓar saƙo ta sake watsa shi da ƙarfi, ta yadda zai kai kilomita gommai. Idan kun ga mai oba-oba ya bar ɗakin mara lafiya ya fita fili, ko ya hau tudu yana riƙe da ita a tsaye, ba gudunku yake yi ba, hanya yake nema wa muryarsa. Don magana da wurare masu nisa sosai akwai wata irin rediyon, HF, mai dogon eriya a gaban mota, wadda saƙonta yake hawa sama ya dawo ƙasa a ɗaruruwan kilomita. Wannan ta ma'aikata ce a kan doguwar tafiya, ba ta shafi kiran cikin sansani ba.

Abin da ya fi muhimmanci ku sani game da oba-oba shi ne hanyarta ɗaya ce, kamar bakin rijiyar da guga ɗaya kawai yake shiga. Mutum ɗaya ne yake magana a lokaci guda. Muddin ya danna maɓallin, shi ba ya jin kowa, kuma duk sauran da ke kan wannan layi ba su da damar shigowa. Daga nan sunan ya samo asali: idan mai magana ya gama sai ya ce "oba", ma'ana na gama, naka ne. Idan mutum biyu suka danna tare, ƙara kawai za a ji ko a ji ɗaya a rasa ɗaya. Idan yaro ya ɗauki rediyon yana wasa, ko wani ya zauna a kan maɓallin bai sani ba, dukan sansani ya zama kurma har sai an saki. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikatanmu ba sa doguwar gaisuwa a kanta, ba sa tambayar gida da iyali. Mun san a al'adarmu hakan yana kama da rashin ladabi, amma minti biyun gaisuwa yana iya zama minti biyun da wata uwa take zubar da jini a ɗaya gefen sansanin, ana neman a shigo an kasa.

Za ku kuma ji suna faɗin kalmomi kamar Alfa, Birabo, Cali, Delta. Wasu sun ɗauka wani yaren sirri ne da ake ɓoye muku magana da shi. Ba haka ba ne. Sunayen haruffa ne, A da B da C da D, da aka amince da su a duniya, har matuƙa jirgin sama da su suke aiki, saboda a cikin ƙarar rediyo "B" da "D" kusan sauti ɗaya ne.

To, mu dawo ga tambayoyin da ake yi muku. Kiran da mai oba-oba ya yi yana zuwa ɗakin rediyo, inda ake da mai sauraro dare da rana. Shi wannan mutum ba ya ganin komai, kunne kawai gare shi, da littafin da yake rubuta lokaci da abin da aka faɗa. Da abin da ya ji ne zai yanke shawara: a tashi ungozoma ko ma'aikacin jinya, a tura mota ko a ɗauko mara lafiya a amalanke zuwa ɗakin shan magani, a sanar da jami'an tsaro ko 'yan kwana-kwana, ko a kira babban asibiti su shirya jini. Motar ɗaukar marasa lafiya ba ta da yawa, kuma idan ta fita da wani, sai ta dawo. Idan kira biyu suka zo tare, dole a zaɓi wanda ransa ya fi shiga haɗari. Kalmar "ba shi da lafiya, ku zo da sauri" ba ta isa a yi wannan zaɓi ba.

Abin da za ku fara faɗi shi ne wurin, tun kafin abin da ya faru. Dalilin kuwa, idan magana ta yanke bayan jimlar farko, in dai an san wurin za a iya zuwa; in kuwa ciwon kawai aka sani, ba a san inda za a nufa ba. A nan muke yawan samun matsala. A garuruwanmu na asali ya isa ka ce gidan wane, kowa ya sani. Amma direban da zai zo da ƙarfe biyu na dare mai yiwuwa ba ɗan garinku ba ne, ɗakunan kuma duk kamarsu ɗaya a cikin duhu. Idan aka ce "gidan Malam na kusa da masallaci", masallatai nawa ne a sansanin, malamai nawa? Muna roƙon kowane gida ya haddace lambar unguwarsa da lambar ɗakinsa, a koya wa yara da tsofaffi, har da baƙon da ya kwana. Wanda bai iya karatu ba ya sa a rubuta masa a takarda ya ajiye tare da katin rajistarsa. A haɗa da alama guda ɗaya da ba ta da na biyu: famfo na kaza, bayan makaranta, gabas da tankin ruwa. Sannan a tura mutum ɗaya da tocila ya tsaya a bakin hanya yana haskawa. Wannan ɗan ƙaramin abu yana rage ɓata lokaci fiye da yadda kuke zato.

Bayan wuri sai abin da ya faru, da abin da idonku ya gani, ba abin da kuke tsammani ba. Mutum nawa ne? Babba ne ko yaro, kuma shekarunsa kamar nawa? Yana numfashi? Yana amsawa idan an kira sunansa? Akwai jini, kuma da yawa ne? Tun yaushe abin ya fara? Idan mai juna biyu ce, a faɗi watannin cikin, a faɗi ko tana zubar da jini, ko tana jijjiga, ko tana fama da matsanancin ciwon kai da dishi-dishin gani, ko naƙudar ta wuce awa 12. Waɗannan alamu ne da ba a jira gari ya waye da su. Haka yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko ya sandare, ko barci ya rinjaye shi ba a iya tashinsa. Idan saran maciji ne, a faɗi lokacin da ya auku da wurin da aka sara. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da mutumin, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi. Idan gobara ce, a faɗi ko akwai wanda ya rage a ciki da kuma inda iska take kaɗawa, musamman a lokacin hunturu da wuta ke tsallake daga zana zuwa zana.

Mutum ɗaya ya yi bayani, wanda ya fi kowa natsuwa, ko da ba shi ne babba a gidan ba. Idan mai oba-oba ya maimaita muku abin da kuka faɗa, ku saurara da kyau ku gyara masa in ya yi kuskure, don haka zai isar. Kuma kada ku ƙara gishiri don a yi sauri. Wanda ya ce ana mutuwa alhali zazzaɓin kwana ɗaya ne, ya janye motar daga inda ake mutuwar da gaske.

Akwai kuma maganar sirri. Duk wanda rediyonsa ke kan layin yana jin abin da ake faɗi, da na kusa da shi ma. Saboda haka ba a ambaton sunan mara lafiya a oba-oba, ba a kuma bayyana abin da zai tozarta mutum. Idan abin ya shafi fyaɗe ko duka a cikin gida, ba dole ba ne ku bayyana wa mai rediyo. Ya isa ku ce kuna buƙatar ma'aikaciyar lafiya cikin gaggawa, sauran bayanin sai tsakaninku da ita. Kada a yi jinkiri: maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72.

Lokaci-lokaci za ku ga baƙin ma'aikata suna zagaya sansani da rediyo da takarda, suna tsayawa a lungu-lungu suna kira suna rubutawa. Ƙwararrun sadarwa ne, aikinsu gano wuraren da saƙo ba ya kaiwa, su ba da shawarar inda za a ƙara tsawon ƙarfe ko a sauya wa eriya wuri, su kuma horar da masu sauraro. Ba sunayen mutane suke ɗauka ba. Ku kuka san inda ruwa ke kwanciya da damina, da hanyar da mota ke maƙalewa a yashi, da unguwar da aka taɓa kira ba a ji ba. Ku gaya musu, domin taswirarsu ba ta nuna wannan.

Ƙarfen da na'urorin da ke gindinsa suna aiki ne da hasken rana: faranti yana tara wuta da rana, batir yana riƙe ta don dare. Duk wanda ya jona waya a wannan batir don caji, ko ya cire wani abu, ya rage wutar da za a yi kiran asuba da ita. A hana yara hawa ƙarfen da jifan farantin, kuma kada kowa ya fake a gindinsa idan ana walƙiya da tsawa.

Muna kuma jan hankalin matasa da kada su sayi oba-oba a kasuwa su riƙa amfani da ita. Layukan rediyo ba na kowa da kowa ba ne, hukuma ce take bayar da izininsu: a Nijar hukumar ARCEP, a Nijeriya NCC. Bayan kutse da za ta iya yi wa layin gaggawa, a yanki irin namu mai fama da 'yan bindiga, a kama mutum da rediyon da ba shi da takardarta abu ne da zai iya jefa shi cikin zargi mai wuyar fita. Wanda ya tsinci wata ya miƙa ta ga ofishin sansani.

Duk wannan ba ya nufin ku ajiye wayoyinku. Idan akwai rezo, ku kira. A Nijar lambar 'yan sanda 17 ce, ta 'yan kwana-kwana 18. Lambar 112 da wasunku suka sani ta Nijeriya ce, kuma a kusa da iyaka wayar da ke da layin Nijeriya tana iya kama ƙarfen can, kiranku ya tafi inda ba za a iya zuwa muku ba. Lambobin ɗakin shan magani da na masu gadi suna kan allon sanarwa. Ku sa su a waya tun yau, ku rubuta a takarda kuma, sannan kafin dare ya yi ku tambayi shugaban unguwarku wanda yake riƙe da oba-oba a wannan makon da ɗakin da yake kwana.