Ƙasar Amana: Yadda Lardin Sardauna Ya Shigo Nijeriya

Wanda ya bi hanya yau daga Gwoza zuwa Mubi, ko ya hau tsaunin Mambila ya kwana Gembu, da wuya ya raya a ransa cewa ranar 1 ga Oktoba 1960, sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai, waɗannan garuruwa ba su cikinta. Asalin al'amarin kuwa, Jamus ce ta mallake su cikin Kamaru, har aka kore ta a 1916, Ingila da Faransa suka raba gadon. Rabon Ingila ya zama ƙasar amana, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ido tun 1946, amma don sauƙin mulki sai Turawa suka jingina Dikwa ga Lardin Barno, Mubi da Ganye da Gashaka kuwa ga En'en Adamawa.

To, nan gizo ke saƙar. Mutanen duwatsu, Margi da Fali da Chamba da Mambila, waɗanda hakimin da aka naɗo daga Yola ke karɓar harajinsu, alkalinsa kuma ya yanke musu hukunci cikin harshen da ba nasu ba, sun daɗe da abin a zuci. Mutumin Kajuru ko na Kafanchan, wanda kakanninsa suka zauna ƙarƙashin Zazzau ko Jama'a, ba ya bukatar sharhi a kan wannan. Saboda haka da aka jefa ƙuri'ar raba gardama kan makomar arewacin ƙasar amanar cikin Nuwamba 1959, mutum 70,546 suka ce a jinkirta maganar, 42,788 kaɗai suka zaɓi Nijeriya.

A ganina ba Nijeriya suka ƙi ba, En'e suka ƙi, kuma gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gane haka da wuri. Aka yanke yankin daga Yola da Barno, aka kafa En'o'i na ƙasa a Mubi da Ganye da Gwoza da sauransu, aka kuma yi alkawarin lardi mai zaman kansa, daidai da kowane lardi na Arewa. Ranakun 11 da 12 ga Fabrairu 1961 aka sake komawa akwati, har da mata, alhali takwarorinsu na Kano da Zariya ba su da ikon ƙuri'a a zamanin. Zaɓi biyu ne tak: 'yanci ta hanyar shiga Nijeriya, ko ta hanyar shiga Kamaru, tsayuwa da ƙafar kai ba a ba su ita ba, wannan kuwa naƙasa ce babba ga adalcin shirin. Nijeriya ta sami 146,296, Kamaru 97,659.

Ranar 1 ga Yuni 1961 ƙasar ta shigo Nijeriya, mafi yawanta ya zama Lardin Sardauna, Mubi ce helkwata. Shugaba Ahmadu Ahijo na Kamaru bai haƙura ba, ya kai ƙarar Ingila Kotun Duniya, amma a Disamba 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan maganar.