"Gentleman": Daga Gadon Asali Zuwa Dattako

Da wuya a buɗe taro a ma'aikatun Abuja ba a ambaci "gentlemen" ba, har yawan faɗa ya mayar da kalmar gaisuwa kawai. Tushenta kuwa "gens" ne na Latin, wato dangi, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci. A Ingila ta da, ɗan babban gida ake nufi, mai filaye, wanda ba ya aikin ƙarfi. Zuwa ƙarni na 19 ma'anar ta karkata daga jini zuwa hali: ladabi, kamun kai da cika alkawari.

Mazauna Ɗan Iya a birnin Bauchi suna da misali kusa da gida: Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke birnin. Ya riƙe Firaminista daga 1957 har kisansa a Janairun 1966, bai bar dukiyar a zo a gani ba. Da Trevor Clark ya wallafa tarihinsa a 1991, wannan kalma ya sa a sunan littafin.

Bahaushe dattijo yake cewa, ko mutumin kirki. A nazarinsa na 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofin mutumin kirki, ciki har da gaskiya, amana, kunya da adalci. Babu kwat a cikinsu, babu iya Turanci.

Shi ya sa Bature ke jingina yarjejeniyar da ba a rubuta ba ga "gentleman": maganarsa ita ce sa hannunsa. Ga ma'aikacin tarayya, ma'aunin yana kan teburinsa. Jami'in da ya danne fayil ɗin ɗan fansho wata shida, komai taushin muryarsa, bai cancanci sunan ba.