Gidan Kammerzell: Itacen da Ya Haura Shekara 400 a Tsaye

A birnin Strasbourg na gabashin Faransa, dab da iyakar Jamus, akwai wani gida a gefen babbar majami'ar garin wanda duk baƙon da ya iso filin sai ya ɗaga kai ya dube shi. Sunansa gidan Kammerzell.

Ƙasan gidan na dutse ne, tun daga 1467. A 1589 wani attajiri mai sayar da cuku, Martin Braun, ya ɗora masa hawa uku na itace. Mu da muka tashi cikin ginin tubali da azara mun saba da cewa bango ne ke ɗaukar nauyin rufi. A wannan fasali kuwa, ginshiƙai da gungumen itace ne ƙashin gida. Kafinta zai feƙe bakin wannan, ya huda cikin wancan, ya cusa su cikin juna, sannan ya kafe su da turaku na itace. Abin da ke tsakaninsu ciko ne kawai, ba ya ɗaukar kaya. Shi ya sa magina suka samu damar buɗe tagogi har 75, masu ƙananan gilasai zagayayyu kamar gindin kwalba. Benen kuma ya turo gaba ya zarce ƙasan, dabarar da ke ƙara faɗin ɗaki a inda fili ya yi tsada.

Da ƙyar za a samu gungume a fuskar gidan da masassaƙa ba su yi wa ado ba, har muna ganin adon ya so ya yi yawa. Sunan da gidan ke amsawa ma ba na Braun ba ne, na wani mai kanti ne da ya mallake shi a ƙarni na 19.

A 1929 hukuma ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, wato ba mai rushe shi ko sauya masa kama yadda ya ga dama. A 1988 UNESCO ta sa tsohuwar unguwar cikin kayan tarihin duniya, matsayin da tsohon garin Agadas ya samu a 2013. Sai dai tsofaffin gidajenmu na ƙasa da yawa ba su da irin wannan kariya, magada na rushe su su zuba bulo.

Yau gidan cin abinci ne da masauki. A can sama har yanzu ana ganin na'urar igiya da ake jan kaya da ita zuwa rumbu.