Ajiyar Damagaram da Ranar Wata Ƙasa

Tun da farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, tashoshin lantarki masu aiki da hasken rana suka yawaita a duniya, tare da su kuma tallace-tallacen da ke kiran masu ƙaramar ajiya su sayi rabo a tashar da ke wata ƙasa ta hanyar wayar hannu. Ga mai albashi ko ɗan kasuwa a Zinder, wanda ya san zafin rana da ƙarancin wuta, kiran yana da daɗin ji, sai dai haɗarin wannan jari ba daga rana yake fitowa ba, yana fitowa ne daga mai sayen wutar, da kuɗin da zai biya da shi, da hukumar da ke mulkin ƙasar.

Tashar sola tana cinye kusan dukkan kuɗinta tun kafin ta ba da wuta, sannan ta mayar da shi kaɗan-kaɗan cikin shekara 20 zuwa 25, kuma galibi mai saye ɗaya gare ta, wato kamfanin lantarki na gwamnati, bisa yarjejeniyar da ta ƙayyade farashi na tsawon lokacin. Mai ajiya kan shiga ko dai a matsayin mai ba da bashi, wanda aka yanka masa ribar da ba ta canzawa, abin da malamai da yawa ke ɗauka riba ce haramtacciya, ko kuma mai hannun jari, wanda ke cin riba ya ɗauki asara kamar a ƙiradi. Idan kamfani ya karye, bankuna ake fara biya, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi, kamar yadda aka gani a 2016 lokacin da SunEdison na Amurka ya durƙushe, masu hannun jarinsa suka tashi a tutar babu. Gwamnati ma kan sauya magana: Sifaniya ta yi wa masu tashoshin sola alkawarin farashi mai tsoka, ta rage shi a 2010, ta rushe tsarin a 2013, manyan kamfanoni masu lauyoyi suka shafe shekaru suna shari'a da ita.

Nijar kanta ta koyar da wannan darasi. An ƙaddamar da tashar Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai a watan Yulin 2023, da kuɗin Faransa da Tarayyar Turai, makonni kaɗan kafin juyin mulkin 26 ga watan. Takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya biyo baya, aka rufe iyakoki, aka tsayar da mu'amalar kuɗi, Najeriya kuma, wadda a lokacin take ba ƙasar kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta, ta yanke layukan, har da wanda ke tahowa daga Katsina ta Gazawa ya ciyar da Maraɗi da Zinder. Ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024. Wanda ya ga yadda yarjejeniyar shekaru ta tsaya cikin kwana ɗaya a gidansa, bai kamata ya zaci ta wata ƙasa ta fi ƙarfin siyasa ba.

Sai maganar canji, wadda 'yan kasuwar Dole ta Zinder suka fi kowa sani. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, amma naira, wadda dala ɗaya ke sayen kimanin 460 a farashin hukuma a farkon Yunin 2023, ta haura 1,500 a 2024, ta yadda wanda ya zuba sefa a tashar da ke karɓar naira ya ga fiye da rabin jarinsa ya narke alhali tashar na aiki lafiya lau. Ita ma sefar an taɓa raba darajarta biyu a Janairun 1994. Bugu da ƙari, dokar canji ta ƙasashen UEMOA ta shardanta izinin ministan kuɗi kafin mazaunin ƙasa ya zuba jari a wajen yankin, don haka wanda ya tura kuɗinsa ta bayan fage ba shi da bakin kai ƙara. Zamba kuwa ba ta bar wannan fanni ba, domin kamfanin DC Solar na Amurka ya karɓi kusan dala biliyan ɗaya a kan injinan sola waɗanda da yawansu ba a taɓa ƙera su ba, aka ɗaure mai shi shekara 30 a 2021.

Damagaram, wato Zinder, ba baƙuwa ba ce ga fatauci mai nisa. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun da bayansa, attajiran unguwar Zango irin su Malam Yaro suna aika fatu da gashin jimina har Tarabulus, su jira watanni kafin riba ta dawo, amma suna da wakilin da suka san asalinsa, da madugun da ke da iyali a gari, da alƙalin da zai saurare su. Duk da haka, isowar jirgin ƙasa Kano wajen 1911 ta karkatar da cinikin zuwa teku, hanyar sahara ta mutu ba tare da laifin kowane madugu ba. Mai zuba jari ta manhajar waya ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan, wato wakili, madugu da alƙali. Faifan da ke juya famfon lambu a Mirriya, ko ya kunna firjin ƙanƙara a unguwar Birni, yana gaban idon mai shi, kuma ribarsa da sefa take shigowa. Tashar waje ba ta cancanci kuɗin gado ko na aikin hajji ba, sai rarar da mutum zai iya rasawa, ita ma bayan ya tabbatar cewa hukumar kula da kasuwar jari ta AMF-UMOA da ke Abidjan, ko takwararta a ƙasar da tashar take, ta amince da masu tallan.