Man wiwi da ciwon farfaɗiya: ina gaskiya, ina ƙari?

Ana ta yaɗawa a WhatsApp wai Turawa sun gano tabar wiwi maganin farfaɗiya ce, kuma akwai wani mai da ake tatsa daga cikinta wanda ba ya bugarwa, saboda haka ba ya cutarwa. Maganar tana da tushe. Abin da ke bugarwa a wiwi shi ne THC. Akwai kuma wani sinadari, CBD, wanda aka ware tun 1940, shi ba ya gusar da hankali. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, maganin CBD da aka tace, domin wasu nau'o'i biyu na farfaɗiya mai tsanani da ke farawa tun ƙuruciya. Iyakar gaskiyar ke nan.

Sauran ƙari ne, kuma ƙarin ne ke damuna. Rashin maye bai nuna rashin illa ba: a gwajin Epidiolex an ga gudawa, yawan barci da alamun wahalar hanta, musamman ga masu shan wani maganin farfaɗiya, valproate, shi ya sa ake auna jininsu. Wani zai ce ai ganye ne, Allah ya halicce shi. Zaƙami ma ganye ne. Wani kuma zai ce tunda maganin daga wiwi ya fito, me zai hana a dafa ganyen a ba yaro? Wiwin da dillalai ke sayarwa domin mayensa ake nomansa, THC ne ya yi yawa a ciki, kuma yana iya jawo wa matashi taɓin hankali. Kwalbar da aka rubuta wa CBD ma ba abin dogaro ba ce. Wani bincike na 2017 a Amurka ya auna kaya 84 da ake sayarwa ta intanet: ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne rubutunsu ya dace da abin da ke ciki, 18 kuma suna ɗauke da THC. To ina ga kwalbar da ta biyo hanyar Illela zuwa kasuwar Konni, ba mai tantancewa? Ga kuma doka, wiwi haramtacce ne a Nijar da Nijeriya.

Babban tsorona shi ne uwa a Dogarawa ta ji wannan labari ta yanke wa ɗanta maganin farfaɗiyarsa, fenobabiton. Daina shi farat ɗaya yana iya tada faɗuwa a jere, wadda ke iya kisa. Yaron da maganinsa bai riƙe shi ba, a kai shi asibitin Galmi ko na Konni a sake duba awon.